Tayoyin Dogo da Tayoyin Auta

Ni dai tunda nake ban taɓa jin inda aka raba mota biyu kamar ana yanka sabulu ba, sai a gidanmu. Kuma ba wasu bare suka yi wannan abin kunyar ba, ƙannena ne uwa ɗaya uba ɗaya, Dogo da Auta. Ƙattai ne masu gemu, kowa da matarsa, amma in ka ji su suna cacar baki sai ka rantse jiya aka yaye su.

Motar ta Baba ce, tsohuwar tasi, da ita ya ciyar da mu har ya koma ga Allah. Da ya rasu aka ce a sayar a raba, Inna ta ce ba da ranta ba. Sai aka tsayar da magana a kan yau wannan ya fita da ita, gobe wancan, makulli kuma kullum a rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar Inna. Ai kuwa ba a je ko'ina ba gida ya ɗau zafi. Dogo ya ce Auta na cinye masa birki, Auta ya ce Dogo na ajiye masa tanki a bushe. Fitila ta mutu, wa zai saya? Ba ni na kashe ba, a hannunka ta mutu. Rannan har da cin kwala a tsakar gida, matansu na leƙe ta bayan labule.

Inna ce ta yanke hukunci. Ta fito ta dafa ƙarfen nan da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ta ce daga nan abin da ya yi gaba gyaransa na Dogo ne, abin da ya yi baya na Auta. Inji da fitilu da tayoyin gaba na babba. Tanki da but da salansa da tayoyin baya na ƙarami.

Na ce, "Inna, mota ce fa, ba gona ba."

Ta ce, "Ke 'yar nan, yi mini shiru. In dai za su bar ni in runtsa, ko uku ne sai in raba ta."

Faɗan bai mutu ba, kala ya sauya. Dogo ya samu abin gori, shi ke ɗauke da inji, shi ke riƙe da gida. Auta kuwa in ya zo wanke mota sai ya wanke rabinsa ya zubar da sauran ruwan. Har 'yan tasha sun san motarmu, rabi fes rabi ƙura.

Ana cikin haka ciwo ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ni na ɗauki jinyarta, don gidana a bayan layi yake, shagon ɗinkina kuma a bakin titi. Wanda bai ga Inna a farkon ciwon ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Matar da ba ta yarda ko 'yarta ta ga gashin kanta a tsefe, sai ga shi ni ke ɗaga ta, ni ke kai ta bayi, tana kau da fuska tana hawaye. Ba ta taɓa roƙon Allah ya mayar mata da ƙuruciya ba. Abu ɗaya take so, ta shiga bayi da ƙafarta ta turo ƙofa.

Muka dage da zuwa asibiti wajen masu gashi da motsa jiki. Wanda duk ranar ta faɗo a kansa shi zai kai mu, ni da ita a kujerar baya. Daga kwance ta koma zaune, daga zaune ta fara dafa bango, har aka ba ta sanda. Ƙafar dama ce ke ɗauke da ita, ta hagun tana biyo baya tana jan ƙasa, amma tana biyowa. Mai yi mata gashin ta ce in muka ci gaba a haka, kafin damina ta fita za ta ajiye sandar. Ranar Inna ta yi dariya a mota har sai da Auta ya waiwayo.

To, sai Dogo ya sayo sababbin tayoyi biyu. Ya kawo su wajen Mai Faci, wani tsoho mai baƙar magana da rumfarsa ke jikin shagona. Kafin a ɗaura su sai da ya fito da ɗan gwangwanin farin fenti ya ɗiga wa kowace babban ɗigo a gefe, wai don kar wani ya yi masa musanya. Wane wani? Mutum ɗaya yake nufi duk duniya.

Ina kan keke ina ɗinki na jiyo muryoyi sun tashi, sannan na ji tsohon ya ƙwala mini kira. "Tela! Fito ki ji ɗan'uwanki."

Na fito da almakashi a hannu. Mai Faci na tsugune, ya nuna Dogo da sifana. "Na ce masa in biyu kawai aka saya, a baya ake sa su, a dawo da masu dama-dama gaba. Ya ce shi ba haka ba."

Dogo ya ce, "Baba, aikinka ɗauri. Ɗaura inda na ce."

"Kai dai Allah ya ba ka tsawo ya hana ka kunne." Tsohon ya juyo gare ni. "Kawo hannunki nan."

Ya sa na shafa tayar baya. Wallahi sumul take kamar ƙasan dutsen gugata, ba ko alamar zane. Sannan ya sa na shafa sabuwar, yatsana ya faɗa cikin ramukan.

Ya ce, "Kin ji waɗannan ramukan? Ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. In taya ta hau jiƙaƙƙiyar kwalta, ta nan ruwa ke fita ta samu ta kama ƙasa. Wadda ta suɗe ba ta da inda za ta kai ruwan, sai ta hau kansa ta yi ta sulu. In gaba ne ya zame, direba na ji a sitiyari, ya ɗaga ƙafa ta dawo. In baya ne, ba sallama. Sai dai ya ga motar ta juyo tana kallon inda ya fito. Sababbi a gaba, waɗannan a baya, ga damina a bakin ƙofa, gara ma a ce duk huɗun tsofaffi ne, ko ba komai zai ji tsoro ya tafi a hankali."

Na dubi Dogo. "Ka ji?"

"Na ji, Yaya. A faɗa wa mai baya ya sayi nasa. Ni ban yi gumi don in yi wa wani ƙato kwalliya ba."

"A baya Inna ke zama, Dogo."

Ya waiwaya ya dubi kujerar baya, har na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya ce, "Shi ya sa ya kamata mai wajen ya ji kunya."

Da yamma na tare Auta a soro yana goge takalmi. Na ce masa tayoyinsa sun mutu. Bai ko ɗago ba.

"Wa ya ce? Shi ya aiko ki?"

"Hannuna ya ce. Na shafa."

"Yaya, ki tsaya a kan zare da allura. Tayoyin nan suna da sauran rai. Don ya sayi sababbi yana ta huci kamar shi ya ƙera motar, shi ne ni ma zan ruga? Sai ranar da na ga dama."

"To, ka yarda a mayar da nasa baya kafin ranar da za ka ga damar."

Nan ya ajiye buroshin. "Tayar Dogo a wajena? Allah ya kiyaye. In wuni ina jin gori, ana cewa har taya ara mini ake yi? Gara in tura ta a kan rim."

Na ce, "Ku biyun nan ba ku da maraba, asarar haihuwa kawai." Ya ce ya gode.

Na yi fushi irin wanda ke hana mutum cin abinci. Na ga magana ba za ta yi ba, sai na bi ta inda na iya. Washegari da sassafe, kafin kowa ya fito, na zare makulli daga bayan ƙofar Inna, na je na taso Mai Faci da jek ɗinsa. Ya yi ta mita, wai zan ja masa zagi da tsufansa, amma ya zo. Ya kwance, ya juya, masu farin ɗigo suka koma baya. Na gaban da Dogo ya cire suna nan a rumfarsa, da sauran zane a jikinsu, su ya ɗaura a gaba, suɗaɗɗun Auta ya jingine su a soro.

Yana ɗaure notin ƙarshe Dogo ya fito da buroshi a baki. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ya tofar da kumfa.

"Wa ya taɓa mini taya?"

"Ni ce. Sai a yi yaya?"

"Ke da wa? Da izinin wa? Tsoho, wallahi ba don furfurarka ba..."

Mai Faci ya ce, "Ƙarasa mana, ɗan nema. Ni na yi wa ubanka faci kafin a san za a haife ka."

Hayaniya ta fito da Auta, daga shi sai singileti. Da ya ga farin ɗigo a ɓangarensa sai ya hau tsalle kamar an zuba masa garwashi. A cire, a cire yanzu, shi ba ya karɓar sadaka. Dogo ya ce dama wa ya ba ka, matsiyaci. Maƙwabta suka fara tsayawa da bokitansu. Ni kuma na tsaya a jikin motar na riƙe ƙugu, na ce duk wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti. Inna ce. Tun daga ɗakinta har bakin soro ta tako ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta kwanta. Zufa ta jiƙa mata goshi, bakinta a ɗan karkace, amma maganar ta fita sarai.

"A bar su yadda 'yar nan ta sa. Ni na raba, ni na ce a bar su."

Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Auta ma ya ce, "To." Ni ban ma saurari "to" ɗinsu ba, ƙafafunta nake kallo, daɗi ya cika ni. Na kama ta muka koma ciki tana ture hannuna, wai in bar ta ta iya.

Kwanakin da suka biyo baya, duk safiya sai na leƙa. Farin ɗigo na baya. Da na ga abin ya zauna sai na daina dubawa, na koma kan ɗinkin mutane da ya taru mini.

Ranar da abin ya faru ranar Dogo ce. Tun hantsi hadari ya haɗu, ruwan farko bayan dogon rani. Muna fitowa aka fara yayyafi, na lulluɓe Inna da laima na tura ta cikin mota da sauri, na zaunar da ita ta dama, ni na zagaya ta hagu. Tana ta zumuɗi, don an ce ranar za a gwada ta ba sanda.

Ba zan yi wa Dogo ƙarya ba, ba gudu yake yi ba. Waifa na aiki, hannunsa biyu a sitiyari. Akwai wani shataletale kafin asibiti, kusa da inda manyan motoci ke kwana, kwaltar wajen baƙa ƙirin saboda man da suke ɗigarwa duk rani. Ruwan bai yi ƙarfin da zai wanke ta ba, jiƙa ta kawai ya yi, har wani ƙyalli take yi. Muka shiga kwanar lafiya lau. Gaban motar ya bi hanya kamar an ja shi da zare.

Sai na ji kujerar da muke kai ta tafi gefe. Ba ƙara, ba kukan taya, shiru kawai, kamar an zare tabarma daga ƙarƙashinmu. Na ga shagunan da ke gefen hanya sun dawo gabanmu. Dogo ya ce "Innalillahi" ya murɗa sitiyari ya danna birki, motar ko a jikinta. Ta juya ta kai bayanta ga ginshiƙin fitilar titi, daidai ƙofar da Inna take.

Ban san yadda na fita ba. Na ga kaina durƙushe cikin ruwa ina jan ƙofar da ta lotse, mutane sun taru ana ta salati. Inna ba ta yi ihu ba. Idonta biyu, ta riƙe ƙugunta na dama, tana cewa a hankali, "Ƙafata, 'yar nan. Mai kyaun ce." Aka fito da ita ta ɗaya ƙofar aka sa ta a motar wani bawan Allah.

Ina miƙewa idona ya sauka a kan tayar gaba. Ruwa ya wanke ta tas, baƙa wuluk, zanenta raɗau, ga farin ɗigo yana kallona. Na juya na dubi ta baya. Sumul. Na ɗago na dubi Dogo, yana tsaye ruwa na zuba a kansa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya kau da kai.

A barandar asibiti Auta ya same mu, ya shigo a jiƙe yana haki. Bai tambayi Inna ba tukuna, kan Dogo ya yi.

"Ka kashe ta ko? Tuƙin hauka!"

"Ni? Ɓangaren wa ya zame? Kowa ya gani, baya ne ya kwashe. Suɗaɗɗun tayoyinka ne."

"Wa ya ce a mayar da su? Ba kai ka same ni a tasha ba?"

"Kai wa ya riƙe jek? Wa ya ɗauko su daga soro ya sa a but? Har kana cewa a yi sauri kar Yaya ta sani!"

Na tsaya ina kallonsu. Wato tare suka yi. Mutanen da ko gaisuwa ba ta haɗa su, waɗanda tun rasuwar Baba ba su taɓa ɗaga ko bokiti tare ba, sun samu abin da ya haɗa kansu. Ɗaya na danna jek, ɗaya na kwance noti, a bayan tasha, don kowa ya koma da kayansa wajensa.

Na ce, "Ashe kun iya haɗa kai."

Suka juyo suna kallona.

"Ashe kun iya aiki tare. Allah ya isa tsakanina da ku. Wallahi na tsane ku, ku duka biyun, kuma ba zan ɓoye ba." Na cire takalmina ɗaya, ban san ma me zan yi da shi ba, wata nas ta riƙe mini hannu ta ce baiwar Allah nan asibiti ne. Dogo ya buɗe baki zai ce Yaya, na ce in ya sake kirana da sunan nan sai na fasa masa baki.

Likita ya fito ya kira ni gefe, don ya ga ni ce mai hankalin cikinmu, ko da takalmi a hannu. Ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, a ɓangaren da take dogara da shi. Za su yi aiki, za su yi iya ƙoƙarinsu. Na ce za ta taka? Ya ce a shekarunta, ga ɗaya ɓangaren dama ba ƙarfi, kar in sa rai da yawa. Na gane abin da yake nufi, na zauna a ƙasa a wajen na yi kuka mai isata.

Ta daɗe a kwance. Damina ta yi nisa, kullum ina jin ruwa na dukan rufin ɗakin jinya. Su biyun suna zuwa, amma ba sa haɗuwa, in wannan ya shigo wancan ya fita. Inna ba ta zage su ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta riga ta ji komai ta bayan labule ranar da suka yi cacar baki a baranda. In sun gaishe ta sai ta amsa ta juya fuska bango. Na koma ɗaga ta, na koma sa mata tasa a ƙarƙashi, ta koma kau da kai. Sandarta na kawo mata na jingine a gefen gado, rannan ta ce in ɗauke ta daga inda za ta riƙa ganinta.

Ranar sallama suka zo tare, abin mamaki, da sabon keken marasa lafiya, ko ledar jikinsa ba a gama cirewa ba. Muka ɗaga Inna ni da nas muka zaunar da ita, na gyara mata mayafi, na ɗora ƙafafunta a kan matakin. Sai Dogo ya kama hannun keken na dama, Auta ya kama na hagu.

"Sake, ni zan tura."

"Kai a wa? Ni na ɗauko shi tun daga kasuwa."

"Ni ne babba."

Keken ya ɗan karkata nan, ya karkata can, Inna na kai. Na yunƙura zan yi magana, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya. Ta sunkuya ta leƙa ƙananan tayoyin da ke gaba, ta waiwaya da ƙyar ta dubi manyan da ke baya. Ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Wannan kuma wa ke da na gaba, wa ke da na baya? Ku faɗa mini tun yanzu, in san ranar da za ku ƙarasa ni."

Dogo ya fara sakin hannunsa, sannan Auta.

Ta ce, "'Yar nan, zo ki tura ni. Ki bi a hankali, ƙasan a jiƙe yake."